Kuɗin Hanya a Zamanin Na'ura: Ina Makomar Direban Karkara?

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tashar Yari da sanyin safiya a lokacin kakar rake, ya san irin nauyin da babban titin Zariya zuwa Kano yake ɗauke da shi. Manyan motoci shaƙe da rake da mazarƙwaila daga ƙasar Makarfi da Kudan, da akori-kura ɗauke da kwandunan tumatir da buhunan masara daga yankin Ikara, da ƙananan motocin haya cike da 'yan kasuwa da ɗalibai da masu zuwa asibiti, duk a kan wannan titi suke haɗuwa, wasu su nufi Kano, wasu su miƙe Zariya da Kaduna har kudancin ƙasa. Ke nan duk wani abin da ya taɓa wannan titi ya taɓa tukunyar tuwon mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku.

A shekarar 2024 Ministan Ayyuka, David Umahi, ya ambaci hanyar Abuja zuwa Kano cikin manyan hanyoyin da gwamnatin tarayya ke da niyyar sanya wa kuɗi idan an kammala aikinsu, kuma ya nuna cewa ta na'ura za a riƙa biya, ba da tsabar kuɗi ba. Ra'ayin da wannan maƙala ta ginu a kansa shi ne: biyan kuɗin hanya abu ne da hankali zai ɗauka, kuma karɓa ta na'ura ta fi karɓa ta hannu tsafta, amma tsarin ba zai zama adalci ba sai an gina shi a kan ma'aunin direban karkara, wanda shi ne mafi rauni a cikin masu bin hanyar.

2.0 Kuɗin Hanya Ba Baƙon Abu Ba Ne

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa hanya tana da kuɗi. Tun zamanin fatauci, ayarin da madugu ke jagoranta zuwa Gwanja neman goro yakan biya kuɗin fito a bakin manyan koguna, ya kuma biya sarakunan ƙasashen da ya ratsa domin samun izinin wucewa da kariya daga 'yan fashi. A birane masu ganuwa irin su Zariya da Kano da Katsina, kowace ƙofa tana da sarkinta, wanda ke lura da masu shige da fice da kayan da suka ɗauko. Da Turawa suka ci ƙasar, su ma sun ɗora wa ayarin fatake haraji, kafin su soke shi a shekarar 1907. Abin lura a nan shi ne, falke bai cika kokawa da biya ba muddin ya ga abin da ya biya dominsa, wato jirgin da zai fitar da shi ko tsaron da zai raka shi.

A zamanin mota kuwa, gwamnatin tarayya ta kafa ƙofofin karɓar kuɗi a kan manyan hanyoyinta, waɗanda direbobi suka ara wa suna suke kira tolget. Har yau akwai wuraren da ake kira da wannan suna, kamar mashigar Kaduna daga wajen Abuja, duk da cewa ƙofar ta daɗe da zama tarihi. A ƙarshen shekarar 2003 ne gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta ba da umarnin rushe su, bisa hujjar cewa abin da ke isa baitulmali bai taka kara ya karya ba, ga zurarewar kuɗi a hannun masu karɓa, ga kuma ɓata wa matafiya lokaci. An yi ƙoƙarin maye gurbinsu da harajin naira ɗaya da kwabo hamsin a kan kowace litar man fetur, amma ƙungiyoyin ƙwadago suka yi tsaye a kan ƙin amincewa.

Darasin da wannan tarihi ya bari a zukatan direbobi mai ɗaci ne: sun biya shekara da shekaru, ramuka kuma ba su daina cin tayoyinsu ba. Duk wanda zai sake kawo musu zancen tolget, dole ya san cewa da wannan tabo zai fara cin karo.

3.0 Yadda Biya ta Na'ura Take Aiki

Hanyoyin biyan kuɗin titi ba tare da tsabar kuɗi ba sun kasu gida uku. Ta farko ita ce ta kati. Direba yakan tsaya a ƙofa ya miƙa katinsa na banki a sa a na'urar POS, ko kuma ya kara wani kati na musamman da ya riga ya loda wa kuɗi, kamar yadda ake loda wa wayar hannu. Da zarar an cire kuɗin, sai sandar da ta tare hanya ta ɗaga.

Ta biyu ita ce ta sitika. Wannan wata 'yar takarda ce mai ɗauke da ƙwayar lantarki, wadda ake mannawa a gilashin gaban mota, a kuma haɗa ta da asusun mai motar. Idan motar ta kusato ƙofa, na'urar da ke sama takan karanta sitikar ta hanyar igiyar rediyo, ta cire kuɗin daga asusu, ta buɗe hanya, ba tare da direba ya sauke gilashi ba. Irin wannan ce ƙasar Indiya ta wajabta a manyan hanyoyinta a watan Fabrairun 2021 da sunan FASTag, inda a lokacin aka ce duk motar da ta zo babu sitika za ta biya ninki biyu.

Ta uku kuwa babu ƙofa babu sanda. Akan gitta ƙarfe a saman titi, a ɗora masa na'urorin karanta sitika da na ɗaukar hoton lambar mota, sa'an nan a cire kuɗin ko a aika wa mai motar takardar bashi daga baya. Wannan ita ce mafi sauri, amma tana bukatar ingantacciyar rajistar motoci da sahihin adireshin masu su.

A Nijeriya, jihar Legas ce ta fara gwada kati da sitika a kan titin Lekki zuwa Epe, inda aka soma karɓar kuɗi a watan Disambar 2011. A matakin tarayya kuwa, Majalisar Zartarwa ta amince da sabuwar manufar sanya wa hanyoyi da gadoji kuɗi a watan Agustan 2021, lokacin da Babatunde Fashola ke riƙe da ma'aikatar ayyuka. Manufar ta taƙaita ga tagwayen hanyoyi, waɗanda tsawonsu bai wuce kimanin kilomita 5,000 ba daga cikin kilomita 35,000 na hanyoyin tarayya, kuma ta fifita biya ta na'ura a kan ta hannu. Titin Zariya zuwa Kano tagwaye ne, saboda haka yana cikin rukunin da manufar ta shafa.

4.0 Nawa Ne Kuɗin, Wa Kuma Zai Biya?

Farashin da aka sanar a 2021 shi ne naira 200 ga ƙaramar mota, naira 300 ga jif, naira 150 ga bas ɗin haya, naira 500 ga manyan motocin safa da na ɗaukar kaya. An keɓe kekuna da babura da masu ƙafa uku, da motocin jami'an tsaro da na ofisoshin jakadanci, cewa ba za su biya ba. Amma da aka zo aiwatarwa a kan hanyar Keffi zuwa Akwanga da Lafiya da Makurɗi a watan Fabrairun 2025, farashin da aka sanar ya zama naira 500 ga ƙaramar mota, naira 800 ga jif, naira 1,000 ga ƙaramar bas, naira 1,600 ga babbar mota mai tayoyi da yawa, tare da alkawarin rangwamen rabin kuɗi ga ƙananan motocin haya da ke yawan bin hanyar. Tazarar da ke tsakanin farashin nan biyu cikin ƙasa da shekara huɗu ta isa ta nuna cewa kuɗin hanya ba ya zama wuri ɗaya.

Yana da kyau a buga lissafi a kan wannan ma'auni, a matsayin misali kawai. A ɗauka direban bas mai jigila tsakanin Makarfi da Zariya yana ratsa ƙofa guda sau biyu a yini, zuwa da dawowa, a kan naira 1,000. Ya biya naira 2,000 ke nan kullum, wato naira 52,000 a kwana 26 na aiki. Idan ya sami rangwamen rabi, ya koma naira 26,000. In aka raba naira 1,000 tsakanin fasinjoji 18, kowa bai kai naira 60 ba. Sai dai sanin kowa ne cewa a tasha ba a ƙara naira 60. Abin da ake ƙarawa ɗari ne ko ɗari biyu, kuma idan kuɗin mota ya hau, da wuya ya sauko.

Manomi shi ne a ƙarshen wannan igiya. Mai motar da ya ɗauko rake daga Kudan zai ɗora kuɗin ƙofa a kan kuɗin dako, ɗan kasuwar da ya yi hayar motar kuma zai zabge shi daga farashin da zai saya a bakin gona, domin ya san tumatir ba ya jiran ciniki, rake ma idan an sare shi kwanansa ƙidayayyu ne. Wannan kuwa yana zuwa ne bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya riga ya ninka kuɗin sufuri. Ashe ke nan wanda bai mallaki ko keke ba, shi ma yana cikin masu biyan kuɗin hanya.

5.0 Gaskiyar Masu Goyon Baya

Adalci ne a faɗi abin da ke hannun masu goyon bayan tsarin, domin hujjarsu tana da ƙarfi. Gina titi abu ne mai cin maƙudan kuɗi, kula da shi kuma ba ya ƙarewa. An ba da kwangilar sake gina hanyar Abuja zuwa Kano a ƙarshen 2017, kuma mutanen yankin sun ga shekarun da aka kwashe ana karkatar da motoci hannu ɗaya kafin ɓangaren Kaduna zuwa Zariya da Kano ya miƙe. Idan aka bar irin wannan aiki babu tsayayyar hanyar samun kuɗin gyara, manyan motoci da ruwan damina za su mayar da shi gidan jiya. Hukumar kula da gyaran hanyoyin tarayya, wato FERMA, wadda aka kafa a 2002, ta daɗe tana dogaro da kason kasafin kuɗi wanda ba ya isa.

Bugu da ƙari, mummunar hanya ita ma tana karɓar nata harajin, ba tare da rasit ba. Tana karɓa a wurin bakanike da mai faci, tana karɓa a man da ake ƙonawa cikin cunkoso, tana karɓa a tumatirin da ya ruɓe kafin ya isa kasuwa, wani lokaci ma ta karɓi rai. Direban da ya biya naira dubu ya isa lafiya a kan lokaci ya fi wanda bai biya ba ya kwana a daji da karyayyen ƙarfe.

Game da na'ura kuma, babbar fa'idarta ita ce ƙidaya. Kowace mota da ta wuce tana barin shaida, kowace naira tana shiga asusu kai tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta kashe tsohon tolget ita ce tsabar kuɗi a hannun mutum.

6.0 Inda Gizo ke Saƙa

Matsalar ita ce, masu tsara irin waɗannan manufofi sukan yi su ne da hoton direban birni a zuciya: mai asusun banki, mai babbar waya, mai karanta Ingilishi, wanda motar da yake tuƙawa tasa ce. Direban da ke lodi a tashar Ikara ko Hunƙuyi sau da yawa ba haka yake ba. Motar ta maigidansa ce, yana kai masa balas da yamma. Kuɗin da ke aljihunsa tsaba ne da ya tara daga hannun fasinja. Takardun motar kuma wataƙila har yanzu suna ɗauke da sunan wanda ya sayar da ita shekaru da suka wuce. Idan aka ce sitika sai da asusu, asusun wa za a haɗa? Idan na'ura ta cire kuɗi sau biyu bisa kuskure, wa zai bi sawu, a wane ofishi, da wane harshe?

Abu na biyu shi ne sabis. Mutanen karkara ba su manta da farkon shekarar 2023 ba, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi. An ga yadda aka riƙa tura kuɗi ta waya su maƙale a hanya, an cire wa mai saye, mai sayarwa bai gani ba. An ga yadda masu POS suka riƙa yanka wa mutane lada mai tsada kafin su ba su kuɗinsu. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ƙofar da ta dogara da sabis kaɗai, ranar da sabis ya ɗauke za ta zama shingen da zai tara motoci tun daga bakinta har inda ido ya ƙure, kuma cunkoso a kan babban titi da dare haɗari ne ga dukiya da rayuka.

Abu na uku shi ne tarin haraji. Motar kaya da ta tashi daga gona tana biyan kuɗin tasha da na ƙungiya da na kasuwa da na ƙaramar hukuma, ban da abin da ake miƙawa a shingayen da babu dokar da ta san da su. Idan kuɗin na'ura ya zo ya hau kan waɗannan ba tare da an kawar da ko ɗaya ba, to an ƙara wa jaki kaya ne kurum.

Ƙasar Afirka ta Kudu ta isa misali. A watan Disambar 2013 ta fara karɓar kuɗi ta na'ura a manyan titunan lardin Gauteng, tsakanin Johannesburg da Pretoria, da kayan aiki na zamani. Amma jama'a suka ce ba a yi shawara da su ba, ɗimbin direbobi suka ƙi biya, bashi ya taru, har gwamnati ta kashe na'urorin a watan Afrilun 2024. Na'urar ba ta lalace ba. Amincewar jama'a ce ba a samu ba. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

7.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a kafa ƙofa a ko'ina tsakanin Zariya da Kano, akwai sharuɗɗan da ya wajaba a cika.

Na farko, a buɗe hanyoyin biya da yawa. A samar da katin da kowa zai iya saye ya loda da tsabar kuɗi a tasha ko a gidan mai ko a wurin mai POS, ba tare da sharaɗin asusun banki ba, kuma ba tare da lada a kan lodin ba. A ƙera katin yadda zai yi aiki ko da babu sabis. Ranar da na'ura ta gaza kuwa, a ɗaga sanda motoci su wuce, domin laifin ba na direba ba ne.

Na biyu, rangwamen da manufar 2021 ta tanadar wa mazauna kusa da ƙofa da masu yawan wucewa ya zama a aikace, rajistarsa kuma a kawo ta Makarfi da Ikara da Hunƙuyi ta hannun ƙungiyoyin direbobi, maimakon a ce sai an je Kaduna. Wanda ya hau titin na tsawon kilomita ashirin bai kamata ya biya daidai da wanda ya taso daga Abuja ba. Haka kuma ya dace a duba sassauci na musamman ga motocin da ke ɗauke da amfanin gona mai saurin lalacewa.

Na uku, a yi magana da mutane da harshensu. Allunan farashi da saƙon shaidar biya da layin kai ƙorafi duk su kasance da Hausa, allunan kuma a rubuta su da boko da ajami, tun da akwai direbobi da dama da suka fi sakewa da ajami. Hausa ba ta rasa kalmomin wannan aiki ba: tana da fito da ƙofa da lada da rangwame da rasit da lodi.

Na huɗu, a riƙa bayyana wa jama'a abin da kowace ƙofa ta tara da abin da aka kashe a kan gyara, ta rediyo da kuma allo a bakin ƙofar. Tun da na'ura ta san ƙidaya, babu uzurin ɓoye ta. Wani kaso kuma a karkatar da shi ga ƙananan hanyoyin da ke fito da amfanin gona zuwa babban titi.

Na biyar, duk titin da aka sanya wa kuɗi a tsarkake shi daga haramtattun shingaye, a kuma tanadi sintirin tsaro da motar ɗaukar marasa lafiya da ta janye wadda ta lalace. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

8.0 Kammalawa

Wannan batu ya shafi malamin makaranta ta fuska biyu. Shi ma fasinja ne, wanda albashinsa zai ji a jika idan kuɗin mota ya tashi. Sa'an nan a ƙauye shi ne mutumin da ake kawo wa takarda ko saƙon waya a ce ya karanta ya fassara. Malamin da ya fahimci yadda kati da sitika suke aiki, ya san farashin da doka ta yanke da waɗanda aka keɓe daga biya, zai iya tsare iyayen ɗalibansa daga 'yan damfarar da ba sa rasa bin kowane sabon tsari. A aji ma, batun ya dace da darasin muhawara da na insha'i da na ƙirƙirar sababbin kalmomi.

Falken da ya biya fito bai biya ba sai da ya ga jirgi a bakin ruwa. Jikansa mai tuƙa akori-kura daga Kudan zuwa Kano ba ya neman fiye da haka: titi mai kyau, farashi sananne, hanyar biya da ta dace da aljihunsa, da bayani cikin harshen da yake ji. Idan hukuma ta cika waɗannan, za ta same shi mai biya ba tare da gardama ba. Idan kuwa ta tsallake su, za ta sake gina abin da aka rushe a 2003.